Tambaya da Amsa: Hayaniya da Gyaran Eriya a Mita 80 da Mita 160

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da lasisin rediyon 'yan sha'awa, wato masu zantawa da juna ta rediyo don nishaɗi, na ɗaura eriyar waya don mita 80, zangon da ke wajen megahaz 3.5. Da magariba ta yi sai hayaniya ta rufe komai, allurar ƙarfin sigina ta tsaya can sama a S9 ko babu mai magana. Rediyon ne ya lalace? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da wuya laifin rediyon ne. Ka cire eriyar tukuna. Idan hayaniyar ta faɗi, daga waje take shigowa. Sai ka mayar da ita, ka jona rediyon da batir mai bolt 12, ka kashe babban makunnin gidan, da inbata, da na'urar cajin sola. A kashe inbatar ɗungurungum, domin ko ba ta ɗauke da kaya tana watsa ƙara. Idan wuri ya yi tsit, to mai laifin yana cikin gidanka: ka riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya har ya bayyana. Tunda da magariba abin yake farawa, ka fi zargin ƙwayayen LED masu araha, da cajar waya, da talabijin.

Kunne ma yana taimakawa. Gurnanin da ke maimaituwa a tazara iri ɗaya yayin da kake juya mita, misali kowane kilohaz 50, na caja ne ko inbata. Zizar da ba ta yankewa, wadda take ɓacewa da an ɗauke wuta, tartsatsi ne a wata palwaya. Ka bi ta da ƙaramin rediyon AM, ka kai rahoto, kada ka taɓa. Fashe-fashen damina kuwa na walƙiya ne daga nesa.

Maganin na cikin gida zoben ferait ne, wani baƙin zobe mai tare ƙarar da ke bin waya, irin FT240-31. Ka naɗa kebul ɗin eriya na RG-58 sau 10 zuwa 12 a jikinsa daidai inda ya haɗu da eriya, ka sa wani kusa da rediyo. Wayoyin kayan da ke kawo ƙara su ma a naɗa su, biyun a tare. Ƙananan ferait ɗin nan da ake maƙalawa a waya ba sa tsinana komai a megahaz 3.5, saboda zagaye ɗaya ya yi kaɗan. Kuma don Allah ka kashe firiyam, wato abin ƙara ƙarfin sigina da ke cikin rediyo, a wannan mita, hayaniyar kawai yake ƙara wa ƙarfi.

Tambaya: Eriyata mai siffar L ce don mita 160. SWR, wato ma'aunin dacewar eriya da rediyo, ya canza tun shigowar hunturu, kuma ina jin tas-tas a bakin kebul. (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Tas-tas ɗin nan aikin ƙurar hunturu ne. Busasshiyar iska tana goga ƙura a doguwar waya, caji ya taru har ya yi tsalle, kuma yana iya ƙona mashigar rediyo. Ka sa rezista, ɗan kayan nan mai rage gudun wuta, mai megom 1, wat 2, tsakanin wayar eriya da ƙasa don cajin ya riƙa zurarewa. Wannan ba ya tare aradu. Da hadari ya haɗo, a cire kebul a ajiye shi waje.

Tsawon irin eriyarka rubu'in zango ne, wato kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon igiyar rediyon, kuma ana samunsa ne in an raba 71.5 da megahaz, wato kusan mita 39 a megahaz 1.83. Sai dai rabin aikin a ƙasa yake, shi ya sa SWR yake motsi idan ƙasa ta bushe. Sandar ƙarfe ɗaya da aka kafa ba ta isa ba. Ka shimfiɗa wayoyi aƙalla 16 daga gindin eriyar, kowace mita 15 zuwa 20. Gajeru masu yawa sun fi dogaye biyu ko uku. Kada ka tsorata idan SWR ya ɗan hau bayan haka. Eriyar L mai gajeren tsayi tana ƙasa da om 50 ɗin da rediyo ke buƙata, kuma sau da yawa asarar da ake yi a ƙasa ce take sa lambar SWR ta yi kyau.

Kafin ruwan farko ka sauke ta ka duba. Kan kebul irin PL-259 ba ya hana ruwa shiga: a naɗe shi da tef ɗin roba mai manne wa kansa, a bi da baƙin tef. Ka feɗe bakin kebul. Idan saƙar jan ƙarfen ta yi kore ko baƙi, ka yi ta yankewa har ka iske mai ƙyalli. Inda jan ƙarfe ya haɗu da alminiyam yana cin juna, a kankare a shafa man haɗin lantarki. A wanke insuleta, wato abin da ke raba wayar eriya da igiya, a sauya igiyar da rana ta cinye. In a bishiya ka ɗaura, ka sa kwarkwaro da nauyi a ƙarshen igiyar don kada iska ta tsinka wayar.

Tambaya: Ana iya sauka ƙasa da megahaz ɗin mita 160, zuwa zango mafi tsawo? (Mai karatu daga Kumasi)

Amsa: Ana iyawa. Taron rediyo na duniya na 2012 ya ware wa 'yan sha'awa kilohaz 472 zuwa 479, wato mita 630, da iyakar wat 1 na abin da eriya ke fitarwa a mafi yawan wurare. Ka fara tabbatarwa lasisinka ya ƙunshi wannan mita. Rubu'in zango a nan kusan mita 150 ne, don haka ana amfani da gajerar eriya da babban koyil, wato naɗaɗɗiyar waya, a gindinta, inda wuta kan kai dubban bolt. A killace wurin saboda yara. Ka soma da sauraron siginar WSPR, raunanan siginar gwaji da kwamfuta ke karantawa, da dare kafin ka kashe kuɗi a kan na'urar watsawa.