Na'urar maganaɗisu tana cire gishiri daga ruwan rijiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aikin gona a wajen Buraida, yankin Ƙasim a Saudiyya. Tumatir muke yi, ban-ruwa na ɗigo daga rijiyar burtsatse. Bana bakin ganye duk ya ƙone, ƙasa ta yi fari kamar an barbaɗa kanwa. Mai gonar yana ganin sakacina ne, har ya fara zancen yanke min albashi. Yanzu wani ya kawo masa tallan na'urar maganaɗisu, wai tana kashe gishirin ruwa. Mu saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ku saya, kuma ba sakacinka ba ne. Rijiyoyin Ƙasim daga tafkin ƙarƙashin ƙasa na Saƙ suke sha, tsohon ruwa ne da damina ba ta mayar da gurbinsa. Shi aka kwashe wajen noman alkama, har gwamnati ta yanke a 2008 cewa za ta janye daga sayen alkamar gida, ta kammala a 2016. Ruwa na ja da baya, rijiyoyi da yawa na ƙara zartsi.

Wannan na'ura kuwa ta ishe ni. Gishiri narke yake cikin ruwa, ba ƙusa ba ne da maganaɗisu zai jawo. Idan ta cire shi, ina yake tafiya? Ina bututun da ke zubar da shi? Na'urar tace ruwa ta gaskiya, mai matse shi ta cikin rariya, tana da bututun zubar da ruwan gishiri kuma tana cin wuta, shi ya sa take da tsada. Wannan kuwa zobe ne kawai da ake ɗaurawa a bututu. Mai tallan zai nuna muku hoton gona kore shar, zai rantse, amma ba zai yarda a auna ba. To ku auna. Ƙaramar na'urar auna EC, wato mai nuna yawan gishirin da ke cikin ruwa, ba ta da tsada: ku ɗebi ruwa kafin zoben da bayansa, lamba ɗaya za ku gani. Abin takaicin, wanda ya saya yakan saki jiki ya daina wanke gishirin ƙasa da ban-ruwa mai nauyi, ya ƙara taki, alhali takin zamani shi ma gishiri ne.

Ruwan da ya haura 3 a ma'aunin na'urar (dS/m) matsala ce babba. Tumatir yakan fara raguwa da zarar gishirin ƙasa ya wuce 2.5, albasa tun daga 1.2, sha'ir kuwa yana jurewa har 8. Idan lambar ta yi sama, canza shuka ya fi sauƙi.

Ɗigo yana tura gishiri zuwa gefen inda ya jiƙa. Don haka idan aka yi yayyafi, kada ka rufe famfo, bar shi a kunne, in ba haka ba yayyafin zai koro gishirin kan saiwa. Da sanyi, kafin dashe, a yi ban-ruwa mai nauyi da feshi don gishirin ya gangara ƙasa da saiwa, muddin ƙasar na tsotsewa.

Ma'aikatar Muhalli, Ruwa da Noma tana da malaman gona a yankinku, irshad suke cewa. Sai dai da mai gona suke magana, ba da mai riƙe da famfo ba, takardunsu ma da Larabci. Ka sa mai gonar ya kai samfurin ruwa da na ƙasa a auna, ka roƙi ya tafi da kai, ka ɗauki hoton sakamakon a wayarka kafin a sake tayar da zancen albashi.