Baje kolin injiniyanci na 'yan makaranta: me za mu ɗora a kan tebur?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Injiniya. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na karatun injiniyanci a nan Jos. An ɗora mini shirya baje koli ranar 4 ga Maris, Ranar Injiniyanci ta Duniya. Za mu karɓi yara kusan 120, 'yan aji biyar na firamare zuwa ƙaramar sakandare, daga ƙarfe tara zuwa sha biyu. Abokan aikina sun dage a fito da manyan injinan ɗakin gwaji da jirgi marar matuƙi. Kuɗinmu kuma ba yawa. Me za mu nuna musu?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata, Allah ya yi miki albarka. Ku bar manyan injinan nan inda suke. Yaron da aka tsayar a bayan igiya, ana ta "kar ka taɓa", darasin da zai koma gida da shi ɗaya ne: aikin injiniya na wasu ne. Jirgin kuwa ku tashe shi na minti biyar a ƙarshe, a yi tafi a watse.

Ga yadda nake auna kowane tebur. Akwai abin da yaro zai canza da hannunsa ya ga sakamakon ya canza? Kuma abin zai iya ƙin yi? Idan an danna maɓalli fitila ta kama, kullum haka, wannan kallo ne kawai. Amma in gada ta rufta, yarinya ta sake naɗe takardarta ta gwada, to ta shiga aikinmu ke nan.

Fara da gadar takarda, don ita ce mafi araha kuma ba na jin akwai wadda ta fi ta koyarwa. Kofi biyu, a bar tazarar taƙi ɗaya a tsakaninsu, a shimfiɗa fallen takarda a kai. Ko marfin lemo biyu ba za ta ɗauka ba. Ki ba kowane yaro falle uku da tulin marafan lemo, ki ce wa zai sa tasa ta ɗauki ashirin, ba gam ba salatif. Daga nan ki yi shiru. Wani zai ninka ta biyu, wani zai naɗe ta kamar tabarma, can sai wata ta lanƙwasa tata hawa da gangara, marafai su yi ta hawa gadar ba ta ko gezau. A lokacin ne za ki nuna musu kwanon rufi ki tambaye su dalilin da ya sa ba a yin sa a miƙe. Takardar ba ta ƙara nauyi ba, siffarta ce ta ba ta kauri daga sama zuwa ƙasa, kuma wannan kaurin shi ke hana lanƙwasa. A gefe ki ajiye kara da ƙananan ƙusoshi, su haɗa mai kusurwa huɗu su tura shi ya karkace, su gitta kara ɗaya ya zama mai kusurwa uku guda biyu, ya tsaya ƙyam. Da yawansu sun riga sun iya motar kara, hannunsu ya san aikin.

Tebur na biyu, sirinji. Ki sayi sababbi a kemis, na mil 5 da na mil 20, a cire allurar tun a gida, a haɗa bakinsu da siririyar roba, a cika da ruwan da aka ɗiga wa kala. Yara biyu su yi takarar turawa da babban yatsa. Mai riƙe da ƙaramin ne zai yi nasara, ko da ita ce 'yar mitsitsiyar ajin, saboda faɗin fuskar babban ya kai kusan ninki biyu da rabi na ƙaramin, ƙarfin da ke isa can ma haka yake ninkuwa. Blaise Pascal na Faransa ya bayyana wannan tun ƙarni na 17, kuma da shi tifa ke ɗaga bayanta ta juye yashi. Ki bar sirinji ɗaya da iska a ciki da gangan. Za su ji ya yi laushi, su gane dalilin da ya sa bakanike ke fitar da iska daga birki.

Na uku ya shafi garinmu. Ki je wajen masu gyaran rediyo ko 'yan gwangwan ki nemo ƙananan motoci, wato 'yan injinan lantarki masu juyawa, na cikin tsofaffin DVD, ki haɗa wa kowanne jan ƙwan LED, wanda kusan bolt 2 ya ishe shi. A naɗa zare a sandar motar, yaro ya fizga, ƙwan ya haska. In ya naɗa ta ɗaya ɓangaren ba zai kama ba, domin LED hanya ɗaya yake barin wuta ta bi. Kar kowa ya gaya musu, su gano da kansu. Samar da wuta ta hanyar juyi irin wannan shi ne abin da Michael Faraday ya gano a 1831, kuma shi ne kamfanin wutar lantarki na NESCO ya fara yi da ruwan Kurra a nan Filato tun 1929 don bai wa ma'adinan kuza wuta. Sai dai can ruwa ne ke yin aikin zaren.

Tunda an ambaci kuza, maganaɗisun tsohuwar lasifika a cikin leda, da garin ƙarfe daga wajen mai walda a gauraya da yashi, sun isa tebur na huɗu. Da irin wannan dabara ake raba ma'adinin kwalambayit da kuza. Amma ki kiyaye: kar ki ɗebo ƙasa daga tulin da aka bari a tsofaffin wuraren haƙar kuza ko inda ake tace ta. Akwai ma'adinai masu fitar da tururin nukiliya a cikinta, ba abin da yara za su dama da hannu ba ne. Yashin gini ya wadatar. Na biyar kuma ku zaɓa da kanku, ku ma ku yi tunani.

Yanzu lissafi, wanda a nan ake yawan yin tuntuɓe. Yara shida sun ishi tebur guda, na bakwai ɗan kallo ne. Ki yi kowane abu kashi biyu, tebur goma ke nan, yara sittin a lokaci ɗaya. Minti goma a kowane tebur, a busa usur a matsa gaba, cikin awa guda rukunin farko ya gama. Ragowar sittin ɗin su zaga ɗakunan gwaji, inda abokan aikinki za su nuna injinansu son ransu, sannan a yi musanya. Kayan da ke ƙarewa, takarda da roba da ƙwan LED, ki ninka abin da kika ƙiyasta.

Kada tebur ko ɗaya ya dogara da wutar NEPA. Batir kawai, kar ya wuce bolt 12. Ba dalma, ba wuƙa, ba ƙananan batura masu kama da maɓalli ko 'yan ƙananan maganaɗisu, don haɗiyar su na iya kai yaro ɗakin tiyata. A farkon Maris ruwan sama bai cika zama matsala ba, iska ce za ta kwashe miki takardu, saboda haka gadar ta kasance a cikin zaure.

Wahalar gaske kuwa manya ne. Ɗalibin jami'a da ya sha karatu bakinsa na ƙaiƙayi ya yi lacca, malamin da ya rako yara kuma ba ya son 'yan ajinsa su ji kunya, sai ya riƙa raɗa musu amsa. Ki ce wa masu tsaron tebur su goya hannu a baya, tambaya biyu kawai aka yarda su yi: "Me kake ganin zai faru?" da "To, me za ka canza?" Su yi da Hausa ko Turanci, duk wanda yaron ya fi sakewa da shi. Malamai kuma ki ba su nasu teburin da takarda da marafan lemo, za ki ga sun manta da kowa. Ki lura da rukunin da maza suka wawushe kaya mata suka koma baya. A ba kowa lamba, a bi layi. Kafin ranar, ki tara ƙannenki da yaran maƙwabta su gwada komai a tsakar gida. Duk teburin da suka bari kafin minti uku, a sake masa fasali ko a cire shi.