Ku tambaya mu amsa: Yadda ake zagayawa da baƙi a ƙauyukan Zanzibar

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan ƙaramin kamfanin shirya tafiye-tafiye. Wasu iyalai guda biyu, har da dattawa da yara, sun ce in kai su Zanzibar, amma ba sa son otal-otal ɗin bakin teku masu kiɗa da tsiraici. Karkara suke son gani. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara da takardu, domin nan ne tafiyar mutanenmu ta fi lalacewa. Zanzibar yanki ne na Tanzaniya tun haɗewar 1964, kuma masu fasfo ɗin Najeriya, Nijar da Chadi suna cikin waɗanda ba a ba su biza a filin jirgi. Sai an nema ta intanet an jira amincewar hukumar shige da fice, don haka ka ba abin kamar wata biyu, kada kuma ka yanki tikitin da ba a iya sauya masa rana kafin bizar ta fito. Kowa ya riƙe katin rigakafin shawara. Tun daga 1 ga Oktoban 2024 kuma gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshorarta, wadda aka fara a kan dala 44 ga babban mutum, ko da kana da wata inshorar daga gida.

Sai ka san cewa manyan tsibiran biyu ne, Unguja da Pemba. Unguja ne ke da birnin Zanzibar da babban filin jirgi. Hayaniyar da baƙinka ke gudu ta fi yawa a can ƙuryar arewa, wajen Nungwi da Kendwa. Ka karkata da su tsakiya da kudu: gonakin kayan ƙamshi na Kizimbani da Kidichi, dajin Jozani, sannan Jambiani, Makunduchi da Kizimkazi.

Shawarata mafi muhimmanci ita ce kada ka wuce wuri biyu a rana. A taswira tsibirin ƙarami ne, tsawonsa bai fi kilomita 85 ba, wannan ke ruɗin masu shirya tafiya su cusa wuri biyar a yini guda. Zafin can mai gumi ne, ba irin busasshen zafin Kano ba, kafin azahar dattijo ya gaji tiɓis, yara sun fara rigima. Ku fita bayan karin kumallo, ku yi sallar azahar a masallacin ƙauye, ku ci abinci ku huta, sai bayan la'asar a sake fita. Ka ɗauki ɗan jagora na gari mai lasisi daga hukumar yawon buɗe ido, wanda ya san shehan unguwa, wato kamar mai unguwa a wajenmu. Shi zai nemo muku izinin shiga gona ko gida. Kuma in direba ya ce maka "saa moja", ƙarfe bakwai na safe yake nufi, domin a lissafin Swahili daga fitowar rana ake fara ƙirga sa'o'i. Ku tabbatar da lokaci a kan agogon waya, kada mota ta zo ku kuna barci ko ku yi ta zaman jira.

Tambaya: Na ga hotunan mata suna noma a cikin teku. Gaskiya ne, kuma za mu iya zuwa mu gani? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Gaskiya ne, Hajiya, kuma a ganina ya fi komai cancantar a kai baƙo ya gani a gabashin Unguja. Ciyawar teku ce, su suna ce mata mwani. An fara nomanta don sayarwa a 1989 a ƙauyukan Paje da Jambiani, kuma har yau yawancin manoman mata ne. Suna kafa turaku a cikin yashi a inda ruwa bai da zurfi, su ja igiya tsakanin turke da turke, su ɗaure ƙananan rassan ciyawar a jikin igiyar, tazarar kamar taƙi ɗaya. Bayan kimanin mako shida sai a girbe, a bar wani sashe a matsayin iri, sauran a shanya kwana biyu ko uku a rana. 'Yan kasuwa na saye su fitar waje, inda ake tatsar wani sinadari mai kauri da ake sa wa a man goge baki da kayan abinci. Wasu ƙungiyoyin matan kuma suna yin sabulu da man shafawa da ita.

Amma ba kullum ake ganin wannan aiki ba, nan ne masu kai baƙi ke yin kuskure. Teku na cikowa ya janye sau biyu a kwana guda, kuma lokacin na ja da baya da kusan minti 50 kowace rana. Gonakin suna bayyana ne sosai in ruwan ya yi babbar janyewa, wadda ke zuwa sau biyu a wata: kwanakin tsayuwar wata, da kuma wajen 14 zuwa 16 ga wata. Ke nan kalandar Musulunci da ke rataye a ɗakinki ta isa ta nuna miki kwanakin. A irin waɗannan ranaku ruwan yakan kai ƙarshen janyewarsa da hantsi, wajen ƙarfe goma, ya bar farin yashi mai nisan da ya kai kilomita a wasu wurare. Za ki hango mata a zaune cikin ruwa iya ƙugu, sun lulluɓe kai da zanen kanga, yatsu na ta ƙulla igiya, buhuna na jiƙe a gefensu. In aka zo ranar 8 ko 22 ga wata, janyewar kaɗan ce, sai baƙi su tarar da ruwa kawai su ce an yaudare su.

Abu uku za a kiyaye. Kowa ya sa takalmin roba mai rufe ƙafa, saboda akwai wata baƙar halitta mai ƙaya kamar bushiya a tsakanin duwatsu, ƙayarta na karyewa a cikin tafin ƙafa. Na biyu, ruwan in ya tashi dawowa da sauri yake zuwa, yana fara cika ramukan da ke bayanku kafin ku ankara, saboda haka da zarar matan sun fara ɗaukar buhuna ku ma ku juyo. Na uku, kada a tsallake igiya ko a taka layin shuka, kada kuma a ɗaga waya a ɗauki hoton kowa sai an tambaya. Mata ne a bakin sana'arsu, kuɗin da suke samu a kilo ba shi da yawa, ga ɗumamar ruwa na kashe musu irin da ya fi tsada. Abin da ya dace shi ne ɗan jagora ya daidaita da ƙungiyarsu tun da wuri a kan abin da za a ba su, sannan baƙi su sayi sabulunsu.

Wannan lissafin ruwa ya shafi tsibirin Uzi ma, a kudu, wanda hanyar motarsa ke nutsewa in teku ya ciko. Wanda ya shiga bai duba lokaci ba, sai ya jira sa'o'i kafin ya fito.

Tambaya: Wane wata ya fi dacewa, kuma ya batun mota? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Ka guji Maris zuwa Mayu, lokacin babbar damina ce, hanyoyin gona na zama taɓo. Akwai ƙaramar damina wajen Nuwamba da Disamba, ita ba ta hana fita. Yuni zuwa Oktoba ya fi sanyi da daɗi. Mota kuwa ka ɗauki haya da direbanta, domin ta hannun hagu suke tuƙi, kuma baƙo sai ya karɓi takardar izinin tuƙi ta Zanzibar. Daladala, motar haya mai benci biyu a baya, tana da arha amma ba ta dattawa ba ce. Ka canji shilin, kuɗin ƙasar, isasshe tun daga birni, na'urar cirar kuɗi ba ta da yawa a ƙauye.

Tambaya: Ni ɗan kasuwar kayan yaji ne. An ce kanumfarin da muke sayarwa daga can yake zuwa. Ina zan kai abokaina su ga bishiyarsa? Daga wani mai karatu a Kurmi, Kano.

Amsa: Alhaji, ba duka daga can yake ba, Indonesiya da Madagaska sun fi su nomansa yanzu. Amma in kana son ganin kanumfari a gidansa, Pemba za ka je. Gonakin Kizimbani da Kidichi a Unguja suna da kyau ga mai kwana ɗaya: za a kankare maka ɓawon kirfa ka shaƙa, a tono citta da kurkum, a fasa gyaɗar ƙamshi ka ga jan zaren da ya naɗe ƙwallon. Sai dai yawancinsu gonakin nuni ne da aka shirya don baƙi. Tun bayan guguwar 1872 da ta kakkarya bishiyoyin Unguja, Pemba ce ke riƙe da mafi yawan noman.

Daga Unguja jirgin sama ƙarami na kai wa Chake Chake cikin kusan rabin sa'a. Jirgin ruwa kuma yana sauka a Mkoani, ya fi arha, amma yana cin sa'o'i kuma tekun na yin tsanani lokacin iskar kudu, don haka mai saurin amai ya bi ta sama. Ku nufi wajen Satumba zuwa Nuwamba, ku tarar ana tsinka. Kanumfari toho ne na fure, ana cire shi in ya fara sauya launi daga kore zuwa ja-ja, kafin ya buɗe. Masu tsinka na hawa dogayen bishiyoyi da igiya da kwando, aiki ne mai haɗari, kada baƙo ya ce zai gwada. Da yamma iyali su zauna su raba toho da sanda, washegari a baza a tabarma a bakin hanya har kwana huɗu ko biyar, sai ya yi baƙi-baƙi nauyinsa ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku na yadda yake ɗanye. A ja wa direba kunne kada ya taka shanya. Game da saye kuwa, ɗan abin tsaraba ba laifi, amma kada ka ƙulla cinikin buhuna da manomi a gona. Kamfanin gwamnati na ZSTC ne ke sayen kanumfari a hannun manoma, kuma fitar da shi ta bayan fage laifi ne.

Tambaya: Mahaifina malami ne. Akwai abin da zai burge shi a karkarar, ban da teku? Daga wata mai karatu a Kumasi.

Amsa: Ki kai Baba masallacin Kizimkazi Dimbani a kudancin Unguja. A jikin bangon alƙibla akwai rubutun Kufi mai ɗauke da shekarar 500 bayan hijira, wato 1107, ko da yake an sake gina yawancin masallacin a ƙarni na 18. Har yau ana salla a cikinsa, saboda haka a nemi mai kula da shi ya buɗe, a kuma bar wani abu na sadaka. Ki sanar da shi tun da wuri cewa yawancin mutanen Shafi'awa ne, zai ji liman ya bayyana bisimilla, da asuba kuma a ɗaga hannu a yi alƙunutu a bayyane. In zai gaida wanda ya girme shi ya ce "shikamoo", a amsa masa da "marahaba". In yara suka ce masa hakan, shi ne zai amsa.

A kan hanyarku ku tsaya a Jozani, kimanin kilomita 35 daga birni, wanda aka mai da gandun daji na ƙasa a 2004. Nan jan birin Zanzibar yake, wanda ba a samunsa a wata ƙasa. Da safe ya fi fitowa. A tsaya nesa da shi kamar mita uku, kada a ba shi abinci, mai mura kuma ya dakata a baya domin suna ɗaukar cutar mutane. Akwai gadar katako da ta ratsa cikin itatuwan ruwan gishiri, shimfiɗaɗɗiya ce, Baba zai iya takawa da sandarsa. A Kizimkazi za a yi muku tayin shiga kwalekwale don bin kifin dolfin. Da dattijo a tare da ku ban ba da shawarar haka ba, domin jiragen na rige-rigen zagaye kifin da gudu, kuma ba kowane ke da rigar ceto ba.