Na janye daga darussa biyu, za a yanke min tallafin karatu?

Ɗan'uwa, ka ce kana shekarar farko a kwaleji a Amurka, ka janye daga darussa biyu cikin huɗu, yanzu kana tsoron a yanke maka Pell Grant, wato tallafin karatu na gwamnatin tarayyar Amurka. Tsoron yana da dalili, amma ba a gama magana ba tukuna.

Abu uku ake dubawa kafin a ci gaba da ba ka tallafin. Akwai GPA, wato matsakaicin makinka, galibi kada ya gaza 2.0. Sai yawan kiredit (ma'aunin nauyin kowane darasi) da ka ci cikin waɗanda ka yi wa rajista, yawanci kashi 67 cikin ɗari. Nan ne mutane ke faɗawa rami. Alamar W, wadda ake sa wa darasin da aka janye daga gare shi, ba ta taɓa GPA, sai mutum ya ɗauka ya tsira, alhali an ƙirga darasin a matsayin wanda ya ɗauka bai ci ba. Kai, in kiredit ɗin darussan huɗu daidai suke kuma ka ci biyun da suka rage, kana kan kashi 50 ke nan a wannan zangon. Na uku, a digiri mai kiredit 120, tallafin yana tsayawa in kiredit ɗin da ka ɗauka sun wuce 180, kuma maimaita darasi yana cin wannan kaso.

Makarantar da ke dubawa kowane zango takan ba da zango ɗaya na gargaɗi, kuɗi na shigowa. Mai dubawa sau ɗaya a shekara ba ta da gargaɗi, sai dai ɗaukaka ƙara da hujja, kamar takardar likita ko shaidar rasuwa a gida.

Kafin rajistar zango mai zuwa, je ofishin tallafin karatu ka tambayi tsarin da suke bi. Kuma kada ka ɗibi darussa shida don cike giɓi, huɗun da za ka ci sun fi.