Amsa ga mai tambaya kan masu kwal da masu gawayi

Salamu alaikum 'yan zaure. Ƙanena, ka ce ka ji a rediyo gwamnatin Jamus na biyan ma'aikatan kwal don su bar aikin, kana son sanin ko kwal ɗin nan shi ne gawayinmu, kuma ko an taɓa yi wa masu gawayi irin wannan gata a Chadi. Bari in sa baki, don na daɗe ina ci da iyalina da gawayi a Njamena.

Kwal daban, gawayi daban. Kwal baƙin dutse ne da ake haƙowa a ƙasa, irin na Inugu, ana ƙona shi a ba da lantarki. Namu ice ne da aka binne aka turara. Amma abin da ka ji gaskiya ne. A 2020 Jamus ta yi doka cewa za ta rabu da kwal nan da 2038, ta ware Yuro biliyan 40 ga yankunan da suka dogara da shi, a yi hanyoyi, a kawo wasu ayyuka. Ma'aikacin da ya kai shekara 58 kuma ana ba shi wani abu duk wata, har tsawon shekara biyar, kafin fanshonsa ya fara. Ka lura da kyau, shekara 18 aka ba su su kintsa.

Mu kuwa kwana muka yi muka tashi. Ƙarshen 2008, zamanin marigayi Idriss Deby, aka hana shigo da gawayi birni saboda hamada. Ban ce hujjar ƙarya ba ce. Ni da idona na ga yadda daji ke ja da baya, inda muke lodi da hantsi ya koma sai an yi tafiyar yini. Amma ba a tanadi madadi ba, kuma ga sanyin Janairu. Mata suka koma kashin shanu da ƙwallon goruba. Maƙwabciyata ta farfasa tsohon gadon katakonta ta dafa wa yara tuwo, ina tsaye tana cire ƙusoshin da muciya tana ajiyewa a gwangwanin tumatir, wai ko za su yi amfani wata rana.

Ni lodina na ƙarshe a wani shinge aka sauke shi. Buhu arba'in, rabi bashi ne. Ban samu ko takarda ba, balle diyya. Yarana biyu masu ɗauka da sauke kaya, ɗaya ya tsallaka gadar Ngeli ya koma Kuseri ta Kamaru, ɗayan ya ci gaba da gawayin da daddare, yana ɓoye shi ƙarƙashin buhunan gero. Sana'ar ba ta mutu ba, ɓuya ta yi, farashi ya ninka, riba ta koma hannun masu uwa a gindin murhu.

Kada in ci zalin gwamnati, ta yi wani abu. Ta sa tallafi a gas, har tukunyar kilo 6 ta zo ana cika ta da sefa 2,000. Sai dai matatar mai ta Jarmaya, mai samar da gas ɗin, ba ta fara aiki ba sai 2011, fiye da shekara biyu bayan hani. Kuma tallafin nan na mai saye ne. Mai sare ice a ƙauye, mai turara shi, mai jaki, direba, da tsohuwar da ke kasa shi a ƙofar gida, babu wanda ya rubuta sunansu, don ba mu da ƙungiya mai rajista irin ta ma'aikatan Jamus da za ta zauna a teburi. Wanda ba a ƙirga ba, da me za a biya shi?

Kuɗi ma kaɗai ba ya gamawa. An yi wa Afirka ta Kudu alkawarin dala biliyan 8.5 a taron sauyin yanayi na Gilasgo na 2021 don ta rabu da kwal, mafi yawansa rance, ta rufe tashar lantarki mai aiki da kwal ta Komati a 2022, mutanen garin suna ta kukan rashin aiki.

Ni dai surukina ne ya ranta mini na sayi tukwane goma sha biyu, na buɗe rumfar gas a unguwarmu, ita nake riƙe da ita har yau. A 2019 da gas ya yanke, tsofaffin abokan cinikina suka riƙa zuwa bayan isha'i, murya ƙasa-ƙasa, suna cewa, "Alhaji, ba ka da ɗan na da ɗin nan ko na shayi?"