Kwano ɗaya, maguna da yawa: amsoshin likitan dabbobi

Yawancin tambayoyin da suka iso mini a wannan mako daga gidajen da ake da mage fiye da ɗaya suka fito, inda kowacce take da irin abincin da jikinta yake bukata, amma kwano guda ake ajiye musu a tsakar gida. Na zaɓi huɗu daga ciki.

Tambaya daga Hotoro: Assalamu alaikum Likita. Magena ta haihu makonni biyar da suka wuce, tana shayar da 'ya'ya huɗu. Ina kuma da muzuru da aka yi wa fiɗiya bara, ya yi ƙiba har ba ya iya hawa katanga. Duk abin da na zuba shi yake cinyewa, uwar kuwa sai ramewa take yi. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Bukatun magunan nan biyu sun yi hannun riga. Mai shayarwa tana bukatar ninki biyu zuwa uku na abin da take ci kafin ta ɗauki ciki, domin duk nonon da 'ya'yan suke tsotsa daga jikinta yake fita, shi kuwa muzurun da aka fiɗiye bukatarsa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, alhali kwaɗayinsa ƙaruwa ya yi. Muddin kwanonsu ɗaya ne, mai ƙarfi ne zai ƙoshi.

Ki daina barin abinci a ajiye yini guda. Muzurun ki auna masa nasa sau biyu, da safe da kuma bayan magariba, ki shigar da shi ɗaki ki rufe ƙofa, bayan minti ashirin ki ɗauke kwanon ko ya cinye ko bai cinye ba. Ita uwar ki ba ta sau huɗu ko fiye, kuma tunda kin ce ƙiba ta hana shi hawa, ki ɗora nata kwanon a wuri mai tsayi, kamar saman durom mai murfi. Su kuma 'ya'yan, da yake sun kai lokacin fara lasar abinci mai laushi, ki samu kwali mai ƙwari irin na taliya, ki kifa shi, ki yanka masa ƙofar da faɗinta bai wuce yatsu huɗu ba, ki ɗora dutse a kai. Ki tura farantin can ƙarshen kwalin, domin na sha ganin muzuru ya kwanta ya zura hannu har kafaɗa ya janyo shi.

Abin da nake roƙonki shi ne kada ki horar da muzurun da yunwa. Mage mai ƙiba idan ta yi kwana biyu ko uku ba ta ci komai ba, kitse yakan taru a hantarta, farin idonta da cikin kunnenta su koma ruwan ɗorawa, kuma wannan ciwo yana kisa. Ramar da ake so a hankali take zuwa, kamar kashi 1 cikin 100 na nauyinsa a mako, wato giram 60 ga muzuru mai kilo 6. Ki hau sikeli ɗauke da shi, sannan ki hau ke kaɗai, bambancin shi ne nauyinsa.

Tambaya daga Tarauni: Likita, kyanwata shekararta 13. An gwada jininta an ce ƙodarta ta yi rauni, aka rubuta mata abinci na musamman mai tsada. Sauran magunana biyu suna cinye mata, ita kuma tana cin nasu.

Amsa: Allah ya ba ta lafiya, Malam. Shi abincin masu ciwon ƙoda an rage masa sinadarin fosfaras, wanda ƙoda mai rauni ba ta iya fitarwa, an kuma daidaita yawan furotin ɗinsa. Idan lafiyayyar babbar mage ta ɗan taɓa shi babu illa sai asarar kuɗinka, amma kada ya zama abincin ɗan mage ko mai ciki ko mai shayarwa, domin su abin da aka rage ɗin ne suke bukata. Haɗarin yana wajen tsohuwar, musamman idan abincin sauran akwai busasshen kifi da ƙashinsa. Ka ciyar da ita ita kaɗai a ɗaki, kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu, ka ɗan ɗumama abincin don ƙamshinsa ya tashi, saboda masu wannan ciwo sukan yi fama da tashin zuciya. Kada ka buɗe mata ƙofa sai ka kwashe kwanukan sauran.

Ruwa kuma a wajenta magani ne. A zafin Kano na watan Afrilu, lokacin da ake kai maki 40 a ma'aunin zafi, ruwan da ke cikin roba a tsakar gida yakan ɗumame kafin azahar. Ka ajiye mata a kaskon ƙasa wuri biyu ko uku a inuwa, nesa da inda sauran suke kwanciya, don kada wata ta tare mata hanya.

Tambaya daga Gwale: Likita, mu a gidanmu tun zamanin kakanni ragowar tuwo da miya ake ba maguna. Yanzu wanda yake fita yawo lafiyarsa ƙalau, amma wadda ba ta fita gashinta yana zuba, ba ta da kuzari.

Amsa: 'Yar uwa, kin kawo amsar a cikin tambayarki. Magunan kakanninmu ɓera da ƙadangare da 'yan tsuntsaye suke kamawa a soro da bayan rumbu, tuwon ƙari ne kawai, kuma haka mai yawonki yake yi har yanzu. Wadda take zaune a ɗaki ba ta da wannan hanya. An halicci mage ne a kan cin nama, kuma akwai sinadarin da ake kira taurin wanda jikinta ba ya iya haɗa isasshensa, sai ta same shi a nama. Rashinsa yana jawo makanta, kuma a shekarar 1987 masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Amurka suka tabbatar yana raunana zuciyarta.

Miyar kuma ta fi tuwon damuna, domin albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin mage. Idan abincin leda na kanti ya yi miki tsada, ki sayo zuciya da tsoka a Abbatuwa, ko naman kaza, ki dafa ba gishiri ba kayan miya, ki ba ta har da romon, saboda taurin yakan fita cikin ruwan dahuwa. Tsoka zalla ba ta da abin gina ƙashi, don haka ki tafasa ɓawon ƙwai, ki shanya, ki daka shi lukui, ki barbaɗa rabin ƙaramin cokali a kan rabin kilo na nama. Hanta kaɗan ake sawa, domin yawanta yana sandarar da ƙashin wuya. Kifi ki dafa shi ki cire ƙaya, kuma kada ya zama na kullum. Madarar gwangwani ko ta gari kuwa, mafi yawan manyan maguna gudawa take sa su. Duk da haka ki kai ta a duba ta, don tsutsar ciki da ƙuma su ma suna zubar da gashi.

Tambaya daga Kurna: Likita, ina ba magunana busasshen abincin leda. Ɗaya muzurun yana ta tsugunawa yana kuka, fitsari ba ya fita. In ba shi farasitamol?

Amsa: Kada ka ba shi, ɗan uwa, domin ƙwaya ɗaya ta farasitamol tana iya kashe mage. Abin da ka bayyana alama ce ta toshewar mafitsara, kuma muzurun da fitsari ya tsaya masa yana iya mutuwa cikin kwana biyu ko uku. Ka kai shi asibitin dabbobi yau ɗin nan, ko dare ya yi. Bayan an buɗe masa hanyar za a koma da shi kan abinci mai ruwa-ruwa, wanda zai riƙa ci shi kaɗai a kwanonsa, ka kuma ware masa wurin fitsarinsa mai yashi don ka riƙa ganin yawan abin da yake fitarwa kowace safiya.