Me Ya Sa Malam Ke Rubuto Min "Ina Hujja?"

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a sakandare, bana zan zauna WAEC. Duk lokacin da aka ba mu insha'in muhawara sai in cika shafi biyu, amma malaminmu ya dawo min da shi ya rubuta "ina hujja?" da jan biro. Batun da aka ba mu na ƙarshe shi ne makarantar kwana ta fi ta jeka-ka-dawo. A ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ban ga takardarki ba, amma na san ciwon. Ɗalibi zai rubuta, "Makarantar kwana ta fi, domin tana da matuƙar amfani ga ɗalibai." Nan babu hujja, ra'ayin ne aka sauya wa riga aka dawo da shi. Hujja ita ce maganar da za ta sa wanda bai yarda da ke ba ya ɗan dakata.

Gwada wannan: "Ɗalibar kwana tana da lokacin bita da aka tsara mata kullum bayan Isha'i, ga malami yana zagayawa. Takwararta ta gida a daidai wannan lokaci tana wanke-wanke, ko tana lallashin ƙaninta ya yi barci." Kin ga mai karatu ya hango 'yan matan nan biyu da idonsa. Kowane sakin layi ki gina shi haka: ki faɗi abin da kike iƙirari, ki kawo dalili, ki nuna misali, sannan ki wuce. Hujjoji uku da suka nuna sun fi guda takwas ɗanyu.

Tun a gabatarwa ki bayyana ɓangaren da kika tsaya. Masu cewa "kowanne da amfaninsa" sun gudu ne daga tambayar.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne maganar abokin hamayya. Wasu sukan yi kamar babu ita, wasu su zaɓi mafi rauninta su rusa. A wannan batu, babbar hujjarsa ba tsadar kuɗin makaranta ba ce, ba kuma wake da tsutsa ba. Tsaro ne. An sace ɗalibai a Chibok a 2014, a Ƙanƙara a 2020, a Jangebe a 2021, duk a makarantun kwana. Mai duba takardarki ya san da haka, idan kika yi shiru zai ɗauka ba ki da amsa. Ki ambace shi da kanki, ki yarda cewa tsoron iyaye na kan hanya, sannan ki nuna cewa abin da ya gaza shi ne tsaron wurin, ba tsarin karatun ba, kuma katanga da masu gadi da matso da makarantun cikin gari su ne maganin. Mai yarda da gaskiyar da ba ta yi masa daɗi ba, shi ake gaskatawa a sauran zancensa.

Aristotal, masanin falsafa na tsohuwar Girka, ya kasa hanyoyin shawo kan mutum gida uku tun shekaru sama da 2,300 da suka wuce: amincewa da mai magana, taɓa zuciya, da hujjar hankali. Ɗalibanmu sun fi son ta biyu, "wayyo iyayenmu, wayyo ƙasarmu". Kaɗan daga ciki ya isa. Karin magana ma haka, guda ɗaya a gurbinsa.

Sai ki lura da yadda aka jefo tambayar. Idan jawabin gasar muhawara ne, ki fara da gaishe da shugaban taro da alƙalai da mai kula da lokaci. Idan maƙala ce ta jarida, kanu za ki sa, babu gaisuwa. A takardar Turanci ta WAEC ana son kalmomi kamar 450, maki kuma 50 ne: 10 na ƙumshiya, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na ƙa'idojin rubutu. Don haka ki ware minti biyar na farko ki jera hujjojinki a gefen takarda, ki bar biyar na ƙarshe don farautar kurakurai.